Yasmin Uku na Garkar Babana

Jikokina sun gyara mini gida bara, Allah ya yi musu albarka. Sun sa pompi a tsakar gida, sun malale gindinsa da sima, wato siminti, sun jera karo, tayil fari fes, inda zan riƙa zama in yi alwala, suka kuma ja tiyo ta ƙarƙashin katanga don ruwan ya riƙa ficewa waje. Ranar da aka gama suka kewaye ni suna jiran in yi murna, na kuwa yi, don ban so in kashe musu jiki ba. Amma da na zauna na wanke hannu, na ji ruwan yana gudu cikin tiyon nan yana nufar titi, sai abin ya dame ni. Har yau ban saba ba. Nakan faki idonsu in tura tasa ƙarƙashin ƙafata in tare ruwan, in kai wa ɗan zogalen da ke bayan ɗaki, su kuwa in sun kama ni su yi ta dariya suna cewa tsohuwa ta fara rikicewa. Ban rikice ba. A gidan da na tashi ba a zubar da ruwan alwala, shi ne kawai.

Dakoron da na buɗe ido na gani ba wannan ba ce. Zamanin Nasara ne, kumandan bai daɗe da kafa barikinsa ba, garin kuwa ƴan gidaje ne na zana da bukkoki, in ka tsaya a bakin kasuwa kana hango ƙarshensa ta kowane gefe. Abin da ke tashe mu da safe ba carar zakara ba ce, kukan icen rijiya ne, wanda igiya ke bi ta kansa tana cinsa. Rijiyarmu zurfi gare ta na ban tsoro. Ba mutum ke ja ba, takarkari ake ɗaura wa igiya, a kora shi ya yi ta tafiya har ya yi nisa kafin wasaki ya leƙo baki, wato gugan fata, sai mai tarba ya ƙwala kira a juyo da sa. Mu mata muna gefe guda da tuluna, Fulani da Buzaye suna ɗaya gefen da dabbobinsu, kowa na jiran a zo kansa. Ka fita tun rana ba ta yi zafi ba, wani lokaci sai ta take tsaka ka dawo da tulu guda a ka, wuya ya sage. Yaran yanzu da ke barin pompi a buɗe su tafi danna waya, ido kawai nake sa musu. Ko na yi bayani ba za su gane ba, don a cikinsu babu wadda ta taɓa ɗauko ruwa tun daga rijiya ta yi tuntuɓe a ƙofar gida.

Babana baduku ne, wasaki da salka yake ɗinkawa. Ba a daɗe da yaye ni ba ya ɗauki mahaifiyata suka kama hanyar Makka a ƙasa, yadda ake yi a da, ana tafiya ana tsayawa ana aiki a sami guzuri. Suka bar ni hannun yayarsa, Gwaggo, wadda mijinta ya rasu, ƴaƴanta suka yi aure a Ajekoriya. Sai da na fara famfara ya dawo. Na tuna wani dogon mutum ramamme ya shigo tare da ayarin jakunan Maradi, yana rungume da gora da aka yanke wa wuya, cike da ƙasa, da ɗan tsiro kore a ciki. Gwaggo ta leƙa bayansa, ba ta ga kowa ba, ta zauna a ƙasa inda take. Ya ce mahaifiyata ta rasu a ƙasar Sudan a hanyar dawowa, kuma daga wannan bai ƙara kalma ba, shekara da shekaru. Abin da na tsinta daga baya kaɗan ne. Tsiron nan ita ta roƙe shi wurin wata mata da suka sauka a gidanta, ta dasa shi a gora don ta kawo mini in ji ƙamshinsa. Wani irin yasmin ne, mutanen can ful suke ce masa. Baba ya raya shi a hanya ne da alwala: duk inda salla ta same shi sai ya ajiye gorar tsakanin ƙafafunsa ya wanke fuska da hannu a kanta. Ni ban san fuskar mahaifiyata ba, ban san muryarta ba. Ful ɗin nan shi ne abin da na sani nata.

A bayan ɗakinsa ya dasa shi, ya kewaye wurin da zana da ƙaya saboda awaki, muka riƙa kiran wurin garka, ko da yake tabarma uku sun rufe shi. Ful ba ya hawa, tsugune yake yi ya yi faɗi, ganyensa mai kauri ne zagayayye, furensa ninki kan ninki, kafin ya buɗe sai ka ce ƙwan kurciya. Ƙamshinsa nauyi gare shi, yana kama tufa ya kwana. Yasmin na biyu daga bariki ya zo. Mai kula da garkar kumandan yakan kawo wa Baba salka ɗinki, wata rana da ya yi wa shukokin Nasara aski ya zo mana da ƴan rassa a jiƙaƙƙen tsumma. Wannan mai hawa ne, ganyensa ƙanana a jere, furensa siriri mai baki biyar da ɗan ja a bayansa, ƙamshinsa kuma ba ya zama wuri ɗaya, iska yake bi, sai maƙwabta su riga mu ji. Muka sa masa suna na kumandan, don ba ya tambayar kowa kafin ya haye zana. Na uku wani ɗan koli ya kawo daga Damagaram, ganyensa da ɗan gashi-gashi, yana fure tuli-tuli har ya rufe kansa, amma ka sa hanci ka shaƙa, sai kaɗan. Gwaggo ta ce irin amaryar nan ce da aka cika wa kaya, a yi mata magana ba kai. Shi aka ba ni.

Haka aka raba su kuwa. Baba a gindin ful yake alwala, Gwaggo a gindin na kumandan, ni a gindin na Damagaram, kowa da guntun turmin da yake zama a kai da butarsa. Baba yakan ce ruwan da ya wanke fuskar mai salla bai kamata ya bi rariya ba. Ban taɓa jin wani malami ya faɗi haka ba, maganarsa ce shi kaɗai, amma mu a gidan doka ce. Ban da wannan ruwa ba a ba su komai sai in damina ta zo. Gwaggo kan yi mini tsiya ta ce ba sai an tambayi yarinya ko ta yi salla ba, a duba ganyen yasmin ɗinta kawai. Gaskiya ta faɗa, don na taɓa yin wasa da azahar da la'asar kwana biyu, na Damagaram ya langaɓe ya tona mini asiri. Da na girma na fara samun ranakun da ba na salla, kunya ta kama ni, na ga ai duk gidan zai sani. Gwaggo ta lura. Sai kawai na ga ta jawo turminta zuwa gindin nawa, ta yi azahar a nan, la'asar a nata, har na yi wanka. Baba kuwa a irin waɗannan ranaku ba ya ɗaga kai daga butarsa.

Aikin garka bai tsaya nan ba. Gara ce babbar maƙiyiyarmu, da toka muke yaƙarta, a barbaɗa a gindi duk ranar da aka kwashe murhu. Kashin awaki sai ya shekara ya huce kafin a sa, ɗanye ƙone saiwa yake yi. In bazara ta matso sai a ɗora wata zana a sama don rana, in iskar gabas ta taso a tokare ta da ice. Ba a yanka reshe a kafa shi haka kawai a ƙasar Dakoro, yashi ne, bushewa zai yi. Lanƙwasa shi ake yi da damina tun yana jikin uwarsa, a binne tsakiyarsa, a danne da tsingaro, sai ya yi saiwa a raba su. Na kumandan da na Damagaram mun ba mutane da yawa ta haka, har Bader da Rumbu, ko da yake yawanci ba su rayu ba. Ful kuwa Baba bai taɓa yarda a lanƙwasa masa reshe ba. Da magariba suke buɗewa, mukan zauna cin tuwo ƙamshin ya sauko kan akushi, da safe in tsince furen da ya zuba in sa a cikin tufafinmu. Mata a rijiya sukan sunsuni zanena su ce ɗiyar baduku ta fi ƙarfin warin jima. A yau turare kwalba-kwalba ne a kasuwa, yara suna fesawa har ka yi atishawa, amma ban ga wanda ya san jiran abu ya buɗe ba.

Ina budurwa aka yi shekarar da damina ta gaza. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, tafkuna suka ƙafe tun kaka, makiyaya suka gangaro daga arewa da wuri suka cika bakin rijiya. Kafin bazara ta kai tsakiya wasaki ya fara fitowa da laka. Aka ƙara igiya, aka sake ƙarawa, mutane suka shiga yasa, duk da haka ruwan ba ya taruwa sai an jira shi. Kumandan ya sa masu gadi a bakin rijiya don faɗa ya yi yawa, kowane gida aka yanka masa abin da zai ɗiba. Mu tulu guda ne, wani lokaci bai cika ba, a ciki za a sha a yi tuwo a ba akuya biyu. Ranar wata Juma'a liman ya ce wa mutane su koma taimama, ruwan da ya rage na sha ne, Allah bai ɗora wa bawa abin da zai halaka shi ba. Baba ya dawo gida ya faɗa mana, ya jingine butoci uku a jikin zana. Daga ranar muka riƙa dafa ƙasa muna shafa fuska. Na kumandan ne ya fara tafiya, da ma ɗan gata ne, ya zubar da ganye ya bar igiyoyinsa a kan zana. Nawa ya yi ta fama har ya ba ni tausayi, sannan shi ma ya bushe. Na yi kuka, Gwaggo ta ce in adana hawayena, su ma ruwa ne.

Ful kuwa ya ƙi mutuwa. Da fari na ɗauka albarka ce, har ina faɗa wa ƙawayena a rijiya. Kaza ce ta nuna mini gaskiya. Muna da wata kaza da zafi ya dama, kullum da hantsi sai ta kutsa ta ƙarƙashin zana ta je gindin ful ta tona ta kwanta, ta ƙi ko'ina sai nan. Wata rana na kore ta na sa hannu inda ta tashi, na ji sanyi. Na ture yashin sama, na ga ƙasa jiƙe a ƙarƙashi. An zuba ruwa ne aka rufe da busasshen yashi. A nan na tuna cewa tun da aka fara rabon ruwan sha, Baba ba ya shan nasa a gabanmu. Yakan karɓi ƙwaryar ya shiga ɗaki ya ce zai riƙa kurɓa a hankali. Na ɗaga ido na dube shi sosai a ranar, abin da ɗiya ba ta cika yi wa uba ba. Leɓɓansa sun tsage, idanunsa sun faɗa, muryarsa ta shaƙe, basilla tana suɓuce masa a hannu yana ɗinki. Na je na faɗa wa Gwaggo.

Gwaggo ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta same shi a zaure ta tsaya a kansa.

"Alhaji, mi kake yi da ruwanka?"

Ya ci gaba da ɗinki. "Yaya, ki bar wagga magana."

"Ba ni barin ta. Kai ka hwaɗa muna abin da liman ya ce. Mu munka bar namu sunka mutu, kai kuwa ka zauna kana shayar da icce da ranka. In ka hwaɗi, wa ka bar ma yarinyar ga? Icce za shi aurar da ita?"

"Ina kurɓawa," in ji shi.

"Kurɓa ba sha ba ne."

Bai daina zuba wa ful ruwansa ba. Na gwada tawa dabarar, na riƙa ƙara masa daga rabona ba tare da ya sani ba, ina cewa ko ya zuba rabi ya sha rabi. Da safe na je na tona, na ga jiƙon ya ƙara faɗi, wato har nawa ya bi. Bayan kwana kaɗan ya tashi daga ɗinki zai miƙe, jiri ya kwashe shi ya faɗi a kan fatu, sai da maƙwabci ya taimaka aka kwantar da shi. Gwaggo ta ɗura masa ruwa da ludayi yana kawar da kai. Washegari ya lallaɓa ya tashi, na kuma ga yashin gindin ful an sake gyara shi. A nan tsoro ya kama ni na gaske. Na gane muddin icen nan yana tsaye, Baba ba zai sha ruwa ba.

Na jira ya dogara sanda ya tafi masallaci azahar. Na ɗauki hauya na shiga garka. Akwai fure biyu a jikinsa da suka kusa buɗewa, a cikin wannan masifar zafi, ban manta ba. Na tsaya na ɗan lokaci, don ni ma nawa ne. Saboda ni aka ɗauko shi daga wata ƙasa, hannun mahaifiyata ya taɓa shi, ba ni da wani abu nata ko zobe. Sannan na sara. Saiwarsa ta yi nisa fiye da yadda na zata, na yi ta tono ina ja har tafin hannuna ya ɗaye. Na yi tunanin in ɓoye reshe ɗaya, amma na san halin Baba, ko tsinke ya gani da rai zai nema masa ruwa. Na kwashe duka na kai wa awaki, su kuwa da yunwa ta ci su suka cinye har ɓawo. Gwaggo tana bakin madafa tana kallona tun daga farko har ƙarshe, ba ta hana ni ba, ba ta kuma taya ni ba. Daga baya mutane sun ce da na yi haƙuri, tunda ruwan sama bai daɗe ba ya sauka. Su suka san wannan. Ni a ranar sama fara ce fat, kuma uba ɗaya gare ni. Ya rayu har ya ga ƴaƴana, ban taɓa yin da-na-sani ba, ko da yake har yau in na ji ƙamshin ful a gidan wani a Maradi sai in nemi wurin zama.

Ya dawo, ya wuce bayan ɗaki kamar yadda ya saba. Na bi shi daga nesa ina jiran duka, ko abin da ya fi duka. Ya tsaya a bakin ramin ya daɗe. Sannan ya zauna a kan guntun turminsa, ya ajiye sanda. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwani yake ce mini.

"Uwani, ke ce?"

Na durƙusa. "Ni ce, Baba."

"Yaya ta sa ki?"

"Ba wanda ya sa ni."

Da ya buɗe baki, ba ni yake kallo ba, ramin yake kallo.

"Lokacin da munka baro garin da anka ba ta iccen ga, ruwa ya yi muna ƙaranci a hanya, ni kuwa zazzaɓi ya kama ni. Kullum ta miƙo mani gora, in ce ke hwa, ta ce ta sha nata. Ina karɓa ina sha. Sai ranar da ta hwaɗi na gane ba ta sha." Ya shafa gemunsa. "Ina kusa da ita dare da rana, ban gani ba. Ke kin gani."

Na ji Gwaggo a bayana tana jan hanci.

"Kawo mani ruwa," in ji shi.

Na tashi da gudu na ɗebo rabonsa a ƙwarya na kawo da hannu biyu. Ya yi bisimilla ya kafa kai, ina jin saukar ruwan a maƙogwaronsa, bai ɗago ba sai da ya ga gindin ƙwarya. Na miƙa hannu zan karɓa, ya riƙe ta bai saki ba.

"Naki hwa?"

"Yana ɗaki, Baba, sai an jima."

"A'a," ya ce. "Tahi ki ɗauko ki sha nan gabana, in gani da idona."